An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Fargabar Ƙanjamau Da Saduwa Ta Baki

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Babu kuwa inda wannan duhu ya fi kauri a tsakaninmu kamar a kan al'amuran da suka shafi shimfiɗa. Akwai wata tambaya da ke yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai da cikin wayoyin hannu da tsakar dare, amma da wuya a sami wanda zai tsaya a bainar jama'a ya amsa ta da harshen Hausa. Tambayar ita ce: shin ana ɗaukar ƙwayar cutar ƙanjamau ta hanyar saduwa ta baki, watau mutum ya sa bakinsa a al'aurar abokin tarayyarsa? Mun san akwai waɗanda tun daga wannan jimla za su so su rufe mujallar, su ce an kawo batsa cikin aikin ilimi. Muna roƙonsu da su daure su kai ƙarshe, domin rabin maganarmu da su muke yi.

Matsayinmu a wannan maƙala a fili yake. Haɗarin ɗaukar ƙanjamau ta wannan hanya ƙanƙane ne ƙwarai da gaske, fargabar da ake yi kuwa ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Shirun da muka yi shi ya ciyar da wannan fargaba har ta yi ƙiba, kuma tsoron da muke ɓarnatarwa a nan mun ɗebo shi ne daga wuraren da suka fi cancantar a ji tsoronsu.

Yadda Fargabar Ke Cin Mutum

Duk wanda ya zauna da matasa ya san siffar wannan ciwo, ko da ba a faɗa masa sunansa ba. Abu ya faru sau ɗaya, bayan kwana biyu maƙogwaro ya yi ɗan kaushi, shi ke nan barci ya ƙaura. Sai mutum ya dinga tsayawa gaban madubi yana duba harshensa, yana lalube wuyansa ko zai ji kaluluwa, yana bin shafukan intanet har asuba. Littafi ya gagara karantuwa, alhali jarrabawa na tafe. Mai aure kuma ya shiga guje wa iyalinsa ba tare da ya iya faɗin dalili ba, zargi ya shigo gida.

Abin takaicin shi ne, alamomin da ake bi ana lissafawa, irin su zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kasala, su ne dai alamomin mura da zazzaɓin cizon sauro, ga kuma ƙurar hunturu da ke shaƙe maƙogwaron kowa. Daɗin daɗawa, ita kanta damuwa tana hana barci, tana kashe sha'awar abinci, tana sa zufa da ɓacin ciki da rama. Sai mai fargaba ya ga ya rame, ya ce ai ga shaida ta bayyana, alhali tsoronsa ne ya ramar da shi. Babu likitan da ke gane ƙanjamau da ido ko da jin alamomi. Gwajin jini kaɗai ke raba gardama.

Wannan tsoro yana da asali. A shekarar 1981 aka fara ba da rahoton cutar a Amurka, a 1983 masana a Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, a 1986 kuma Nijeriya ta ba da rahoton masu ɗauke da ita na farko. A wancan zamani babu magani, shi ya sa Bahaushe ya laƙaba mata suna kabari-kusa. Ba za a manta da watan Agusta na 1997 ba, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito ya shaida wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa, mawaƙi Fela. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. To, amma tun daga 1996 aka sami haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar, kuma a 2006 Gwamnatin Tarayya ta soma ba da su kyauta a asibitocinta. Ilimin likitanci ya yi nisa, mu kuwa hirarmu tana nan inda aka bar ta shekaru talatin da suka wuce.

Abin Da Bincike Ya Tabbatar

Ƙwayar HIV tana bin jini, da maniyyi, da ruwan farji, da ruwan dubura, da nonon uwa. Yawu ba ya cikin wannan jeri. Akwai sinadarai a cikinsa da ke raunana ƙwayar, fatar cikin baki kuma ta fi ta dubura da ta mahaifa ƙwari, sa'annan abin da ya faɗa ciki ruwan tumbi ya kan lalata shi. Saboda haka sumba, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ba sa yaɗa ƙanjamau.

A shekarar 2014 masana na Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka wallafa ƙiyasin haɗarin kowace hanya, idan an yi mu'amala sau 10,000 da mai ɗauke da ƙwayar wanda ba ya shan magani, kuma ba a sa kwaroron roba ba. Ƙarin jini mai ƙwayar ya kama 9,250. Wanda aka sadu da shi ta dubura, 138. Masu karɓa-karɓar allura wajen shan ƙwaya, 63. Macen da aka sadu da ita ta farji, 8, namijin kuma 4. Da aka zo kan saduwa ta baki, haɗarin ya yi ƙanƙantar da ba su iya sa masa adadi tsayayye ba, sai suka rubuta cewa kaɗan ne kawai. Tun kafin nan, a 2002, likitoci a birnin Madrid na ƙasar Sifen sun ba da sakamakon bibiyar mutum 135 marasa cutar, waɗanda abokan zamansu ke ɗauke da ita. An ƙiyasta sun yi saduwa ta baki fiye da sau 19,000 ba tare da wata kariya ba, kuma ko mutum ɗaya bai kamu ba.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Ƙanƙane daban, babu daban. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan akwai gyambo a baki, ko dasashi na zubar da jini, ko an cire haƙori kwanan nan, ko akwai miki a al'aura, ko jinin haila, ko an zubar da maniyyi a baki, musamman daga wanda bai daɗe da kamuwa ba kuma ƙwayar ta yi yawa a jininsa, to ƙofa ta ɗan buɗe. Wanda ya sa bakinsa shi ke da wannan ɗan haɗari. Wanda aka yi wa kuwa, yawu ne kawai ya taɓa shi, nasa haɗarin bai kai a tsaya lissafa shi ba.

Wani zai ce, in har yawu ba ya ɗauke da cutar, don me ake sayar da abin gwajin da ake gogawa a dasashi? Tambaya ce mai kyau. Wannan na'ura dakarun da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar take nema, watau sawun ɓarawo take bi, ba ɓarawon kansa ba.

Sa'annan ga babban albishir da har yanzu bai shiga kunnuwan yawancinmu ba. Binciken da aka yi wa laƙabi da PARTNER a ƙasashen Turai, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2016 da 2019, ya bibiyi masu zaman tare da ɗayansu ke ɗauke da ƙwayar amma yana shan magani har ta daina bayyana a gwajin jini. An yi saduwa sama da sau 100,000 babu kwaroron roba, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauki cutar daga abokin zamansa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada wannan matsayi. Idan haka lamarin yake ga cikakkiyar saduwa, ina ga ta baki?

Ga Masu Cewa A Yi Shiru

Hujjar farko da ake kawo mana ita ce kunya. Mu ma Hausawa ne, mun san darajar kunya, ita ce adon ɗa da 'ya. Amma kunyar da za ta bar yaro ya kwana arba'in yana tunanin likkafani a kan abin da jimla uku za su warware masa, wannan sakaci ne aka sa wa rigar kunya. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da babin janaba da haila da istinja'i a zaure, da Hausa, gaban manya da yara, ba wanda ya ce sun yi batsa. Harshen da ya iya ɗaukar wancan nauyi ba zai gaza ɗaukar wannan ba. Abin kunya na haƙiƙa shi ne ɗalibin Hausa ya rasa amsa a harshensa, sai ya je ya tsinto ta a bakin wanda bai san ko wane ne ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko haɗari. Akwai masu cewa, ko da haɗarin kaɗan ne, gara a bar matasa cikin tsoro domin tsoron ya tsare su daga alfasha. Muna ƙin wannan ra'ayi da babbar murya. Batun halacci ko haramcin wani aiki yana da ma'abotansa, kuma ba shi muka zo yankewa ba. Amma tarbiyyar da aka gina a kan ƙarya gini ne a kan toka. Ranar da yaron ya gano an zuguguta masa wannan, daga ranar zai daina gaskata mu a kan sauran, har da waɗanda gaskiya ne tsantsa. Ban da haka, tsoro ba ya kai mutane ɗakin gwaji, korarsu yake yi daga can. Kuma shi ne dai tsoron da ke sa a ƙi gaisawa da mai cutar, a ware masa kwano, a kore shi daga aiki, abin da dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta haramta a ƙasar nan.

Akwai kuma masu cin kasuwar wannan duhu: mai kemis da zai haɗa wa yaro ƙwayoyi kala biyar wai na wanke jini, da mai lasifika a tasha da ke rantsuwa yana da maganin kowace cuta a kwalba ɗaya. Su kam shirunmu jari ne a gare su.

Jakin Da Aka Bari

Kada wani ya karanta wannan ya ce an ba shi lasisi, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Bakin da ƙanjamau ke shan wuyar shiga, wasu cututtukan a buɗe suke samunsa. Ciwon sanyi yana kama maƙogwaro, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Tunjere yana yaɗuwa ta mikin leɓe ko na harshe. Ƙurajen nan masu ruwa da kan fito a leɓe suna iya komawa al'aura. Ƙwayar HPV, wadda ke jawo sankarar bakin mahaifa, tana jawo sankarar maƙogwaro ma, kuma a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta. Wa ke rasa barci saboda waɗannan?

A ɓangaren ƙanjamau kanta, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar, jimillar masu ita kuma kimanin miliyan 1.9. Hanyar da ta fi kawo wannan adadi ita ce saduwa tsakanin namiji da mace ba tare da kariya ba, sai kuma daga uwa zuwa jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye mata masu ƙwayar za su kamu, amma da magani adadin kan sauko ƙasa da 5. Ga mai ciki da ba ta zuwa awo, ga mai ƙara aure ba gwaji, ga wanda ke yawonsa ba kwaroron roba yana cewa ai yarinyar tana da jiki, ba alamar ciwo. Waɗannan suna barcinsu da minshari, wanda haɗarinsa bai taka kara ya karya ba shi ke kwana zaune. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki.

Kammalawa

Ga wanda wannan fargaba ke ci a yanzu, shawararmu gajera ce. Ya rufe wayar, ya nufi asibiti. Idan abin da ya faru ya wuce na baki, ko an ga jini, ko fyaɗe ne, akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72, a sha na kwana 28, kuma likita ne zai auna ko ya dace. Galibi ba a ba da shi saboda saduwa ta baki kaɗai. Gwajin ɗakin bincike na jinin jijiya yana iya gano cutar tsakanin kwana 18 zuwa 45, gwajin nan-take na ɗan yatsa kuma tsakanin kwana 23 zuwa 90. Wanda ya yi gwaji bayan kwana 90 aka ce ba shi da ita, kuma bai sake shiga wani haɗari ba, to ba shi da ita. In har zuciya ta ƙi kwanciya bayan haka, ciwon ya koma na damuwa, shi ma yana da masu maganinsa, kuma neman su ba abin kunya ba ne.

Ga malamanmu da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai kuwa, kiranmu shi ne a buɗe wannan babi. A gayyato ma'aikatan lafiya su yi bayani da Hausa, maza a zaurensu, mata a nasu, a ba da damar rubuta tambaya a takarda ba suna. Masu nazarin harshe a cikinmu su zauna su daidaita kalmomin da za a faɗi waɗannan abubuwa cikin mutunci, domin aikinsu ne tun kafin ya zama na likita. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya sami wanda zai amsa masa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.