Sharhi: Shin maganin ƙara fitsari na gaggauta warkewa bayan tiyatar hanji?

Wanda aka yi wa tiyatar hanji ba a cika sallamarsa ba sai cikinsa ya motsa, ya fitar da iska, ya kuma iya riƙe abinci. Daga cikin abubuwan da ke jinkirta hakan akwai ruwan da ake ɗura masa ta jijiya lokacin aikin. Ruwan na ɗauke da gishiri, kuma idan ya yi yawa sai ya taru a bangon hanji, bangon ya kumbura, motsinsa ya ragu.

Daga nan ne wasu likitoci suka kawo shawarar a ba majinyaci furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, domin ƙoda ta zubar da rarar ruwan. A takarda shawarar ta yi ma'ana. Sai dai gwajin da aka yi a asibitin Mayo Clinic da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa maganin bai rage kwanakin jinya ba.

Maganin kuma yana da nasa haɗarin. Yana fitar da sinadarin fotashiyam tare da fitsari, alhali ƙarancin wannan sinadari shi kansa yana kwantar da hanji. Ƙoda ma tana cikin haɗari. Babban binciken RELIEF na 2018, wanda ya ƙunshi majinyata kusan 3,000 da aka yi wa manyan tiyatocin ciki, ya gano cewa waɗanda aka taƙaita wa ruwa sun fi samun raunin ƙoda.

Tsarin gaggauta farfaɗowa da likitan Denmak, Henrik Kehlet, ya assasa a shekarun 1990 ya fi karkata ga auna ruwan tun a ɗakin tiyata, da ciyar da majinyaci da wuri, da tayar da shi ya taka, da rage magungunan kashe zafi masu ƙarfi.

A Najeriya batun ya fi tsanani. Da yawa daga masu zuwa tiyatar hanji, musamman yaran da zazzaɓin taifod ya huda wa hanji, kan iso ne a makare, jikinsu a bushe saboda amai da zazzaɓi. Ba wa irin wannan majinyaci maganin ƙara fitsari ba tare da gwajin jini a kai a kai ba na iya kai shi ga wankin ƙoda, wanda iyalai ƙalilan ne ke iya biyan kuɗinsa.