Sun Koyi Sana'ar, Ina Wutar?

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manya, wai matasa su daina jiran aikin gwamnati su je su koyi sana'a. A rediyo ita ake faɗa, a huɗuba ita, a wajen bikin yaye ɗalibai ma ita. Ni mai walda ne a Kano, a bakin ƙarfe na yi furfura, yara da dama sun bi ta hannuna, saboda haka ba ni da ja da wannan nasiha. Abin da nake so masu yin ta su sani shi ne, yaran sun ji tun tuni, sun kuma koya. Abin da ke biyo bayan koyon ne ba a son a taɓo.

Tun daga jawabin da marigayi Shugaba Buhari ya yi a Landan a 2018, wanda aka fassara mana da cewa matasan Najeriya cima-zaune ne, kalmar ta zauna daram a bakin mutane. Duk wanda ya yarda da ita, ya daure ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre da hantsi. Zai tarar da yaron da ko gemu bai tsayar ba a kan ɗan teburi, ya kwance wayar da kuɗinta ya fi albashin malamin firamare na wata shida, yana hura mata iska mai zafi yana ɗaga ƙananan kayan cikinta da ɗan hantsaki, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ka tambaye shi inda ya koya, ya ce rabi wajen oga, rabi a YouTube. Daga nan mutum ya wuce Kantin Kwari ko Dawanau ya ga masu dako. Ya leƙa wayar matarsa ya ga 'yan matan da ke tallar atamfa da turaren wuta da cincin ta WhatsApp, ɗan Adaidaita na kai wa mai saye har ƙofar gida. Masu zaman majalisa suna nan, ban musa ba, amma da yawansu ka bincika za ka iske tela ne ko kafinta da ya rufe shago.

Bari in faɗi yadda abin yake a tamu sana'ar. Yaro ya ƙware, ka sallame shi, dangi su haɗa masa kuɗi ya kama shago ya sayi injin walda da na gurza ƙarfe. Sai a kawo masa aikin ƙofa da tagogi. Ya je Ƙofar Ruwa ya sayo ƙarfe, ya auna, ya yanka, ya zauna jiran wuta. Ba za a kawo ta ba sai tsakar dare, in ma an kawo sau da yawa ba ta da ƙarfin da za ta narka tsinken walda, sai dai ya riƙa manne wa ƙarfen. Mai aiki kuwa kullum yana kan waya. Dole ya ɗauko hayar janareto, ya zuba mai da kuɗin da ya kamata ya zama ribarsa. Aiki uku ko huɗu a haka, sai ka ji ya sayar da injin ya karɓi Adaidaita Sahu yana biyan balas kullum. Na sha ganin haka da idona, kuma ba raggaye abin ya fi ci ba, har da waɗanda hannunsu ya fi nawa kyau. Injin walda dai ba ya jin wa'azin dogaro da kai.

Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, rabinsu ba su kai shekara ashirin ba, wutar da take rabawa yawanci tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, fiye da mako guda muka yi cikin duhu, masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli kowa ya naɗe hannu. Fetur ɗin da ake fakewa da shi kuwa, kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Waɗanda aka ce an sa su a rukunin masu samun wuta sosai, a Afrilun 2024 aka ninka musu kuɗin sama da sau uku. To wace irin sana'a ce za ta tashi da yaro a haka?

Mu da muka taso a da, ba wai mun fi su kuzari ba ne. Masana'antu muka tarar. A Kakuri ta Kaduna, masaƙar KTL da aka kafa a 1957 da su Arewa Textiles da UNTL suna ɗaukar dubban ma'aikata, mai takardar firamare ma yana samun gurbi ya yi aure ya gina gida. A nan Kano, Bompai da Sharaɗa da Challawa har dare injuna ba sa tsayawa. Bayan kowace masaƙa akwai manomin auduga a Funtuwa da Gusau, akwai direba, akwai mai abinci a bakin ƙofa, akwai irina da ake kira gyara. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, saboda tsadar wuta da mai da kuma yadin waje da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. 'Ya'yan waɗancan ma'aikatan ne yau ake yi wa gorin zaman kashe wando.

Sai maganar tallafi. In zaɓe ya matso sai a kafa rumfa, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe, a yi wa yara horon sati biyu, a ɗauki hoto. Kafin la'asar dillalai suna bakin ƙofa suna saye a rabin kuɗi. Ban cika ganin laifin mai sayarwa ba, don an ba shi keke ne alhali shi gyaran babur ya iya, sunansa ne kawai ya faɗo a takardar kansila. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya fi wannan ma'ana, naira 30,000 a wata ta rufa wa mutane da yawa asiri, amma da aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020, akasarinsu inda aka ɗauko su nan suka koma. Banki kuwa kada ma a fara. Za a ce ka kawo takardar fili, ruwan da za a ɗora maka ya doshi kashi 30 cikin ɗari, ga shi yawancin yaranmu ko kyauta aka ce su ci bashin ruwa ba za su taɓa ba.

Da aka yi ta yi wa 'yan baiwa, masu dangwalar waya don neman kuɗin intanet, dariya a watan Satumban 2024, lokacin da manhajarsu ta Hamster Kombat ta fashe aka ga abin da ya fito bai kai kuɗin datar da aka ƙona ba, ni dariyar ba ta zo mini sosai ba. Yaron da zai yi wata da watanni yana tashi cikin dare yana dangwalar waya, ya koyi buɗe asusu da canjin kuɗin intanet ba tare da malami ba, ai ba naci ya rasa ba. Ƙofar da ya gani a buɗe ce ya shiga. Duk da haka ba zan wanke su tas ba. Akwai son kuɗin dare ɗaya. Yaro zai zo koyon aiki, wata uku bai iya riƙe guduma ba yana tambayar yaushe za a yaye shi. Akwai shaye-shayen da hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018 bai kawar ba, akwai ƙwacen waya da ya sa magariba ta zama abin tsoro a wasu unguwanni. Mu ma iyayen gida akwai masu riƙe yaro shekara da shekaru yana aiken cefane da wankin mota, ranar sallama kuma a haɗa shi da addu'a kawai.

Inda nake ganin haske shi ne sola. Farantan sun yi araha a kan da, kuma yaranmu sun kama aikin da hannu biyu. Yau da wuya ka shiga unguwa ba ka ga saurayi a kan rufin kwano yana ɗaura faranti ba, mu kuma mu muke ƙera musu ƙafafun da ake ɗorawa. Tun 2018 aka fara ba wa shagunan kasuwar Sabon Gari wutar sola. A fadama, manomin rani da fetur ya kusa kora daga gona yanzu yana ja da famfon sola, rana ta fito ruwa ya zubo. Sai dai solar da ke cajin waya da juya fanka daban, wadda za ta ɗauki injin walda ko na niƙa daban, kuɗinta ya fi ƙarfin yaron da aka sallama jiya.

Ga kuma noma, wanda shi ma ake cewa a koma. Madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo har yau tana shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Matasa suna can suna noman tumatir da shinkafa. Amma a je Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya yi yawa a ga yadda kwando ke faɗuwa warwas, wani a shanya shi a ƙasa ƙura na bi, wani ya ruɓe a mota kafin a kai Legas. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, a shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, ya sha buɗewa da rufewa. Aikin da ke tsakanin gona da tukunya, wato busarwa da adanawa a ɗakin sanyi da niƙawa da ƙullawa, nan ne guraben dubban yara suke. Injinan casa da na sussuka da na busarwa duk muna iya ƙera su a nan gida. Kowannensu kuma wuta yake ci.

Shawarata ga gwamnoninmu ba ta da tsawo. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu su raba da kansu, ba sauran fakewa da Abuja. A Aba, tashar Geometric ta fara aiki a 2024 don garin da kewayensa, masu ɗinkin takalma suna amfana. A nan ma akwai tashar sola mai megawat 10 da aka ƙaddamar a Kumbotso a farkon 2023, an ga dai abin yana yiwuwa. Kuɗin kekunan ɗinkin nan na shekara guda a tara su, a keɓe fili a kowace babbar unguwa ga masu walda da kafintoci da teloli, a ba su wuta tsayayya daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma, a sa wa kowa mita. Ba kyauta muke nema ba, za mu biya, don ko nawa ne bai kai kuɗin mai ba. Sannan kujerun makarantu da gadajen asibiti da ake ba 'yan kwangila su sayo daga nesa, a raba wa waɗannan yaran su yi, a biya su a kan lokaci.

Kai kuma Malam Edita, ga roƙona gare ka. Duk ranar da aka yi bikin rabon kayan sana'a jaridu suna buga hoton a shafin farko. Ka sa wakilinka ya karɓi jerin sunayen waɗanda aka ba, ya ajiye. Bayan shekara guda ya bi su gida-gida ya ƙirga mana keke nawa ne har yanzu ake takawa, ya kuma tambayi waɗanda suka sayar dalilinsu, ku buga amsar a shafin da kuka buga hoton.



Naku,
Wani mai walda,
Kano.