Kafin ka tura yaron Agadez tsibiri, ka nuna masa Gobero

Makon da aka ba da hutu, wata maƙwabciyata ta shigo gidana riƙe da takarda, ɗanta na biye da ita kamar wanda ya yi laifi. Ta ce, "Malam, don Allah duba mana wannan, kwana uku ke nan ya kasa rubuta ko layi ɗaya." Aikin gida ne da aka ba su a wata makarantar kuɗi. An ce yaro ya tsara tafiyar hutu zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku, inda zai yi nutso ya soki kifi da mashi, ya lissafa kuɗin jirgi da na otal da na kayan nutso.

Yaron shekararsa 11. Ruwa mafi yawa da ya taɓa gani shi ne koramar Telwa in ta kawo da damina. Tsakaninsa da teku akwai fiye da kilomita 1,000.

Na san yadda aka yi. Malamin ya shiga intanet, ya ga darasin da aka shirya wa yaran wata ƙasa, ya kwafo, ya raba. Wannan lalaci ne, kuma dole mu malamai mu faɗa wa junanmu gaskiya. Abin da aka fara koya mana a makarantar horon malamai shi ne a ɗauki yaro daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba. Wanda ka ce ya rubuta abin da bai taɓa gani ba, bai taɓa ji ba, hanya biyu ka bar masa: ko ya kwafo daga wayar yayansa, ko ya yanke cewa shi daƙiƙi ne. Duka biyun hasara ce.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A garinmu ne motoci ke tashi zuwa Dirku da Libiya cike da samari masu neman tsallake teku, kuma mun san da yawa ba su kai ba. A irin wannan gari ne za mu zaunar da yaro mu cusa masa cewa jin daɗi yana can bayan ruwa, nan kuwa babu abin da ya isa a rubuta?

Wani zai ce, ai ya kamata yaro ya san duniya. Na yarda. Amma in sukar kifi da mashi ake so a koyar, ba sai an je tsibiri ba. A shekarar 2000, ayarin masanin nan Paul Sereno na Jami'ar Chicago yana neman ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a cikin Tenere, sai suka ci karo da wani wuri da ake kira Gobero, a nan jihar Agadez. An samu kaburbura wajen 200, da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina, da kawunan masu na ƙashi masu ƙayoyi waɗanda aka yi don sukar kifi. Mutanen farko da suka zauna a wurin sun rayu a bakin tafki kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Inda rairayi ya rufe yau, masunta ne suka yi zamani.

Ka ba yaro wannan labari ka ga tambayoyi. Ina ruwan ya tafi? Me ya sa aka yi wa mashin ƙayoyi? Shin raƙumin dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabous, a hanyar Arlit, me yake ci a wancan lokaci? Daga nan ka kai shi Argungu, inda tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada da gora da homa. Daga nan ka kai shi teku, har tsibirin ma in kana so. Zai je da ƙafarsa, yana da abin da zai gwada da shi.

In lissafin tafiya ake so, ga Timiya da lambunanta na lemo. Yaro ya je tasha ya tambayi kuɗin mota, ya lissafa guzuri da ruwan sha na mutum biyar. Ga Ingal lokacin bikin gishiri. Ga hasumiyar babban masallacinmu mai tsawon mita 27, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Yara nawa ne a ajinka suka san da haka?

Ƴan uwana malamai, kafin mu raba aiki mu tambayi kanmu: ɗan mai sayar da gawayi zai iya yin wannan ba tare da waya ba? Iyaye kuma, ku riƙa duba littafin yaranku. In kun ga irin wannan, ku je makaranta ku yi tambaya cikin mutunci. Kuɗinku ne, ƴaƴanku ne.

Shi ɗan maƙwabciyata, na ba shi labarin Gobero, na ce ya rubuta ranar kamun kifi a bakin wancan tafki. Ya cika shafi biyu. Ko malaminsa ya karɓa ko ya ƙi, yanzu kullum yana tambayata yaushe za mu je.