Filin Golf Na Wentworth: Abin Da Mai Saye Ya Saya, Da Abin Da Bai Saya Ba



Wani abokina, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya koyi wasan golf tun yana ƙaramin akawu, shi ya kawo mini labarin da za mu duba a wannan mako. Ya kawo shi ne da fushin ɗan wasa, ni kuwa da na saurara sai na tarar babin ciniki da haya ne sak, irin wanda mu ke karantawa a zaure, sai dai an sa masa tufafin Turawa.

Ga wanda bai sani ba, golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da a ke buga ɗan ƙaramin ƙwallo da sanda, a bi shi rami bayan rami har ramuka 18, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Wasa ne mai cin ƙasa da ruwa da ciyawa, don haka sau da yawa kulob mai mambobi masu biyan kuɗi kowace shekara ne ke riƙe filinsa.

Wentworth kulob ne a gundumar Surrey, kudu maso yamma da birnin Landan. An shimfiɗa filayensa tun shekarun 1920 a tsakiyar wata unguwa ta masu hali, gidaje na kewaye da su ta kowane gefe. A nan aka yi gasar kofin Ryder ta 1953, a nan kuma a ke yin babbar gasar PGA ta Turai kowace shekara tun 1984. A 2014 mai shi, wani attajiri Richard Caring, ya sayar da shi ga kamfanin Reignwood na birnin Beijin a ƙasar Sin a kan fam miliyan 135. Mai kamfanin kuwa ya yi dukiyarsa ne da abin shan nan Red Bull a kasuwar Sin.

Shekara guda bayan cinikin, watau a watan Oktoba na 2015, sabon mai gida ya fito da tsarinsa. Mambobi wajen 4,000 za a rage su zuwa kimanin 900. Kowa zai sake neman shiga kamar baƙo. Wanda aka karɓa zai ajiye fam 100,000 a ba shi takardar bashi, sa'an nan kuɗin shekara ya tashi daga wajen fam 8,000 zuwa 16,000. Kamfanin ya ce miliyoyin fam zai kashe wajen gyara, yana so wurin ya zama babu irinsa a duniya.

Mambobi suka ta da murya. A cikinsu akwai tsofaffi da suka shekara talatin ko arba'in suna taka wannan ciyawa, akwai kuma sanannu irin su Michael Parkinson, mai hira da mutane a talabijin. Kalmar da ke bakinsu ita ce an ƙwace musu kulob ɗinsu. Ita ce kuma kalmar abokina.

To, a nan na saɓa masa, ko da ya ke na ji tausayinsu. Tambayar da mai fiƙihu zai fara yi ita ce: me suka mallaka a wurin? Ba su da ko taki ɗaya na ƙasar. Da su abokan tarayya ne a cikin filin da ba a raba ba, da suna da shufu'a, watau haƙƙin karɓe rabon da aka sayar su biya mai saye abin da ya biya. Amma ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya shufu'a ta abokin tarayya ce kaɗai, ko maƙwabci ba shi da ita, balle mai haya. Hanafawa ne suka ba maƙwabci. Su kuwa mambobin nan masu sayen amfani ne na shekara guda, kuma daɗewa a gidan haya ba ta mai da mutum mai gida. Abin da shari'a ta tsare musu shi ne wa'adin da suka riga suka biya, domin sayar da gida ba ya warware hayar da ke kansa, mai saye zai jira ne har wa'adi ya cika. In ya cika, mai dukiya na da ikon ya yanka farashin da ya ga dama, wanda ya iya ya zauna, wanda bai iya ba ya tashi. Ko hakan ya dace da mutunci, wannan magana ce dabam, kuma a ganina bai dace ba. Mutumin da ya tarar da jama'a a wuri ya kamata ya zauna da su kafin ya aika musu da takarda.

Inda tsarin ya gurgunta a ma'auninmu ba wajen ninka kuɗin shekara ba ne, wajen fam 100,000 ɗin nan ne. Ku lura da sunan da aka ba shi: takardar bashi. Ma'anarsa ke nan ba zan ba ka haya ba sai ka ranta mini. Malamanmu sun hana a haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya, kuma Risala ta haɗa haya da ijara a cikin wannan hani. Dalilin a fili ya ke ga duk ɗan kasuwa. Rance taimako ne, ana mayar da shi yadda aka karɓa, ba ƙari ba ragi. Da zarar ya zama sharaɗin samun wani abu, to ya jawo wa mai ba da shi amfani, ya fita daga taimako. Sa'an nan kuɗin hayar na gaskiya ya ɓuya, domin ba wanda zai iya cewa nawa ne na ciyawa, nawa ne ladan kuɗin da aka ajiye shekara da shekaru suna juyawa a hannun wani.

Na tsaya a nan ne domin abin bai tsaya ga masu sandar golf ba. Mutum ya sayi jerin kantuna da 'yan haya a ciki, sai ya tara su ya ce kowa ya ranta masa kaza zai yi gyara, wanda ya ba da shi za a sabunta wa haya, za a mayar masa da kuɗinsa ran da zai tashi. Wannan ita ce takardar Wentworth, ba bambanci sai na yawan sifiri. Amma a rarrabe: in ya ce a biya shi hayar shekara biyu gaba ɗaya, ana cirewa wata-wata, wannan haya ce aka gabatar da biyanta, ba rance ba, kuma ta halatta in an yarda. Sau da yawa kuɗin ɗaya ne, ƙullin ne ya bambanta.

Mu koma Surrey. Abin da ya karya lagon sabon mai gida ba kukan mambobi ba ne kaɗai. Mazauna unguwar ne, waɗanda da yawansu mambobi ne kuma. Tun 1964 majalisar dokokin Ingila ta yi wa wannan unguwa doka ta musamman, wadda ta sa hanyoyin cikinta da gefunansu a hannun kwamitin masu gidaje. Kamfanin ya sayi filaye da ginin kulob, amma hanyoyin da dubban 'yan kallo da manyan motoci ke bi ranar gasa ba su cikin abin da ya saya. Mazauna suka ɗauki lauyoyi, suka ce in an ci gaba da tsarin za su toshe hanya lokacin gasar PGA, wadda a wancan zamani a watan Mayu a ke yinta. Ita kuwa gasar ita ce rawanin wurin, saboda ita a ke jin sunansa a duniya.

Wannan ya tuna mini yadda magabata suka ware wa haƙƙoƙin da ke manne da ƙasa matsayi na kansu, irin su haƙƙin wucewa, da na magudanar ruwa, da na ban ruwa. Ba su bin mutum, ƙasa su ke bi, kuma ba su faɗuwa don an canja mai ita. Shi ya sa dattijo mai hankali in zai sayi gona ya kan fara tambayar ta ina a ke shiga, kafin ya tambayi buhu nawa ta ke bayarwa. Abin mamaki ne a ce wanda ya ƙirga fam miliyan 135 ya shiga rigima da mutanen da ƙofarsa ke buɗewa a kan hanyarsu.

Maganar ta kai har ga Philip Hammond, ɗan majalisar yankin, wanda a lokacin shi ne ministan harkokin waje na Birtaniya, ya shiga tsakani, a daidai lokacin da gwamnatinsa ke zawarcin jarin ƙasar Sin. A watan Maris na 2016 kamfanin ya janye, ya ɗauke wa tsofaffin mambobi tilascin ajiye fam 100,000. Aka yi gasar a watan Mayu, hanya a buɗe. Da aka gama sai aka tone ciyawar bakin ramukan babban filin aka shuka sabuwa, kamar yadda mai gidan ya yi alkawari, aka sake buɗe shi a 2017. Abokina ya ce ko maƙiyan kamfanin sun yarda gyaran ya yi kyau, amma shi har yanzu bai huce ba.