Kada Idon da Ke Auna Ƙololuwar Iska Ya Rufe

Tsakanin kilomita 60 zuwa 180 daga doron ƙasa akwai wani yanki na iskar da ta lulluɓe duniya wanda ya daɗe yana gagarar masu bincike. Jirgin sama ba ya kaiwa can, balan-balan ɗin bincike kan tsaya ƙasa da shi, tauraron ɗan'adam kuma ba ya iya daɗewa a cikinsa domin iska za ta rage masa gudu har ya faɗo. Hanyar da ta fi amfani ita ce a tsaya daga nesa a karanta hasken da yankin ke fitarwa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, na'urorin da ke wannan karatu sun tsufa, kuma barin su su mutu ba tare da magada ba asara ce da kuɗi ba za su iya mayarwa daga baya ba.

Tun a 1800 William Herschel ya gano cewa akwai haske a gefen launin ja wanda ido ba ya gani, amma ma'aunin zafi na jin sa. Shi ne ake kira infirared. Nau'o'in iska da dama suna fitar da wannan haske, kowace a tsawon zango nata na musamman, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsa nasa. Iskar kabon dayoksaid tana haskawa a wajen maikuromita 15, naitirik oksaid kuwa a 5.3. Idan na'ura ta kalli gefen duniya daga falaki, ta rarrabe hasken zango-zango, za a iya sanin wace iska ce ke wurin, nawa ne yawanta, kuma mene ne zafin kowane mataki.

Hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron TIMED a watan Disamba na 2001, ɗauke da na'urar SABER mai auna infirared ta tashoshi goma. An tsara aikin na shekara biyu ne, amma na'urar ta haura shekara ashirin tana aiki. Ƙasar Kanada ta harba SCISAT a 2003, da na'urar da ke karanta hasken rana yayin da yake ratsa iska lokacin fitowa da faɗuwa. Turai kuwa ta rasa na'urarta ta MIPAS a watan Afrilu na 2012, lokacin da tauraron Envisat ya daina magana ba zato ba tsammani. Wannan darasi ne a kan yadda irin waɗannan idanu ke rufewa.

Abin da awon ya nuna yana da ban mamaki. Kabon dayoksaid da ke ɗumama ƙasa, a can sama sanyaya iska take yi, domin iskar wurin ba ta da kauri, zafin da ta fitar sai ya tsere zuwa sararin samaniya. Roble da Dickinson sun yi hasashen haka tun 1989, bayanan SABER kuma sun nuna yankin yana sanyi yana kuma tsukewa. Tsukewar na nufin iskar da ke jawo tarkacen tsofaffin taurari su faɗo su ƙone tana raguwa, saboda haka tarkacen zai ƙara daɗewa a falaki. Duk ƙasar da ke da tauraro a falakin kusa, har da Nijeriya da ta harba NigeriaSat-2 a 2011, tana da ruwa da tsaki a wannan batu.

Haka nan, idan guguwar rana ta bugi duniya, yankin kan yi zafi ya kumbura, sannan naitirik oksaid ta fitar da zafin a matsayin infirared har ya huce. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, guguwa matsakaiciya ta kumbura iska, mafi yawansu suka faɗo kafin su kai mazauninsu. Hasashen irin wannan ya dogara ga sanin saurin ɗumamar yankin da saurin hucewarsa.

Masu ganin kuɗin sabon tauraro ya yi yawa kan ce lissafin kwamfuta zai wadatar. Sai dai lissafin da ba a gwada shi da awo ba zato ne kawai. Na'urorin da ke ƙasa kuma suna ganin saman inda aka girke su ne kaɗai, ba su game duniya ba. Abu mafi muhimmanci shi ne tsawon tarihin awon. Ƙarfin rana yana hawa da sauka a zagayen kimanin shekara 11, kuma tasirinsa a ƙololuwar iska ya fi na kabon dayoksaid girma nesa ba kusa ba. Sai an tara zagaye da yawa kafin a iya ware ƙaramin canjin da ɗan'adam ya jawo daga babban canjin da rana ke kawowa. Idan tsohuwar na'ura ta mutu kafin sabuwa ta tashi, ba za a sami lokacin da za a gwada su kafaɗa da kafaɗa ba, kuma ba za a iya sanin ko bambancin da aka gani na iska ne ko na na'ura ba.

A watan Fabrairu na 2024 wani mataccen tauraron Rasha, Cosmos 2221, ya gifta kusa ƙwarai da TIMED, saura ƙiris su yi karo. Da hakan ta faru, da tarkacen da na'urar ke taimakawa wajen fahimtar makomarsa ne ya kashe ta. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata hukumomin sararin samaniya su ɗauki wannan awo kamar yadda ake ɗaukar awon ruwan sama, wato aikin dindindin mai kasafi na kowace shekara, su kuma harba magajin SABER tun tana da rai, domin su yi aiki tare na ɗan lokaci kafin a sallami tsohuwar.