Ɓarawo Ya Shigo ta Ƙofar Aro

Ran 14 ga Disamba, 2023, wasu ɓarayi suka kwashe kuɗin kirifto na wajen dala 600,000, alhali ba su fasa lalitar kowa ba.

Dalili kuwa shi ne, manhajojin da babu wata hukuma guda mai iko da su, irin su SushiSwap, ba su riƙe mabuɗin kuɗin mutum. Sai dai ya haɗa lalitarsa ta intanet da manhajar, sa'an nan ya sa hannu a kan kowane ciniki. Masu gina manhajojin kuwa galibi aron kayan haɗin suke yi. Ɓarayin sun yaudari wani tsohon ma'aikacin kamfanin Ledger na Faransa, suka cusa umarnin sata cikin kayan haɗin kamfanin, har jama'a suka sa hannu da kansu aka yashe su.

Saboda haka wajibi ne mai gina manhaja ya binciki abin da ya aro, mai lalita kuma ya karanta kafin ya sa hannu, domin a wannan fage babu bankin da zai soke ciniki in an ƙulla shi.