LADABIN BAƘON MAHARBI A GONAR ABOKINSA

 

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya sauka da ƙurarsa. Wannan shi ne lokacin da gangar mafarauta ta kan tashi a ƙasar Kano, a ga samari da karnuka da gora da barandami sun nufi daji. A kan ga kuma waɗansu mutanen birni sun rataya bindiga sun kama hanyar Wudil, domin wani aboki mai gona ko garka a can ya ce musu, "Ku zo, akwai nama a wajenmu." Gayya ce ta alheri. Amma sau da yawa a kan fita da dariya a komo da gaba, har zumuncin shekara ashirin ya mutu a kan zomo guda. Dalili kuwa ɗaya ne, watau baƙo ya kan riƙe rabin hukunci ya saki rabi. Ya san naman dawa ba shi da ubangiji, ya manta ƙasar da naman ya ke gudu a kanta tana da mai ita.

Rabin farko gaskiya ne. Malaman Mazhabar Imamu Malik sun tabbatar barewa da gada da zomo, muddin suna sake a daji, ba mallakar kowa ba ne, wanda ya riga kai hannu shi ke da abinsa. Shehu Halil ya kawo wannan a cikin Muhtasar, har ya rarrabe hukuncin naman da ya gudu ya faɗa gidan wani, yaushe ya ke na mai kora, yaushe ya ke na mai gida. Amma rabi na biyu ya fi nauyi. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izni, sun kuma umarci wanda aka ce ya koma da ya koma. Gona mai shinge da shuka dukiya ce, dukiyar mutum kuwa ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Sabo da haka halaccin barewa bai halatta wa maharbi taka albasar da ke tsakaninsa da ita ba.

Wani dattijo ya iya cewa, "A zamaninmu wa ya ke neman izni?" Ya yi gaskiya, amma ya duba dalili. A da, in an kawar da amfani, gona ta kan zama fili har saukar ruwa. Makiyayi ya shiga ya ci kara ya bar taki, mafarauci ya ratsa ba mai ce masa kanzil, domin babu abin da zai ɓata. Al'adar nan ita kanta izni ce. Yau abin ya sake. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwansu kuwa ta kogin Wudil ya ke bi, ya sa fadamun da ke kwance da rani suka cika da albasa da tumatir da alkama da shinkafa. Watannin farauta sun zama watannin noman rani. Ga kuma yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 180,000 a ƙaramar hukumar Wudil, ƙasa mai murabba'in kilomita 362, watau sama da mutum 500 a kowace murabba'in kilomita, tun a wancan lokaci. Inda a da daji ne, yau iyakar wani ce ta haɗu da ta wani. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. To, ga ladubban da suka wajaba a kan baƙo.

Na farko, ya san izni yana da iyaka. An ba shi ne shi, a rana kaza, a wuri kaza. Wanda aka ce masa "ka zo" ba a ce masa "ku zo" ba, kada ya cika mota da abokai da karnuka goma ya sauke su a ƙofar mai gona, ya bar shi da kunyar korarsu. Iznin bara ba ya aiki bana, iznin ran Asabar ba ya kai wa Lahadi. Izni kuma ba kuɗi ba ne da za a ranta wa wani, har baƙo ya ce da maƙwabcinsa na birni, "Je ka gonar Alhaji, ka ce ni na aiko ka." In mai gona ya yi shiru ko ya yi ta kwana-kwana, baƙo ya gane amsa ke nan. Abin da aka karɓa da ƙarfin kunya bai zama kyauta ba.

Na biyu, kada ya shiga daji sai an san da zuwansa. Ya ce wa mai masaukinsa, "Alhaji, a kai ni in gai da mai unguwa." A faɗi sunansa da garinsu da yawan mutanensa, in da bindiga a nuna takardarta, domin Dokar Bindigogi ta 1959 ta ɗora lasin har a kan harba-ruga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da satar shanu da satar mutane suka sa kowa zargi. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, aka tare wata mota a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe matafiya 16, mafarauta ne masu komowa gida Kano domin Salla, da yawansu mutanen ƙasar Bunkure. An ga bindigogin farautarsu, aka ce ɓarayin mutane ne. Zalunci ne tsantsa, babu uzurin da zai wanke waɗanda suka aikata shi. Allah ya jiƙan mamatan. Amma abin ya nuna yadda tsoro ya cika ƙasa, har baƙuwar fuska da bindiga ta isa ta tara taron da ba ya tambaya. Gaisuwar mai unguwa ba ta cin rabin sa'a, tana iya tsare rai.

Na uku, ya taka iyaka da ƙafarsa kafin ya ɗana kunama. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ya bi mai gona ko yaronsa a nuna masa ga gamba ko itacen da ya raba su da maƙwabci, ga rijiya, ga turbar da mata ke bi zuwa itace, ga inda Fulani suka sauka, ga inda yara ke kiwo. Daga nan ya san fuskar da ba a harbi. Harsashi ba ya tsayawa a iyaka don an ce masa nan ce iyaka. Kada ya harbi motsin ciyawa, sai ya ga dabba da idonsa, ya ga kuma abin da ke bayanta. In ya harbi nama ya ji masa rauni, naman ya tsallaka gonar maƙwabci, to, iznin abokinsa ya ƙare a bakin shinge. Ya ajiye bindiga ya je ya yi sallama, ya roƙi a bar shi ya bi sawu. Barin dabba da rauni ta mutu a ɓoye asara ce da azabtarwa, tsallaka shinge ba sallama kuwa ta'adi ne. Sallama ita ce ke fid da shi daga duka biyun.

Na huɗu, wuta. Babu al'adar da ta fi muni ga mafarauta kamar cinna wa ciyawa wuta domin a fito da gafiya da zomo. Iskar hunturu ba ta shawara da kowa. Kafin a ankara ta cinye tarin kara da harawa da karmami da manomi ya adana, alhali kuwa a ƙasar da kasuwar shanu ke ci kowace Juma'a kamar Wudil, abincin dabba kuɗi ne a hannu. Ta kan kama mangwaron da aka yi shekara biyar ana ba shi ruwa, ta kan kai ga bukkar makiyayi. Shehu Halil ya ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar wani. Baƙon da ya ga ba zai sami nama ba sai da ashana, gara ya koma gida hannu rabbana.

Na biyar, karnuka. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, malamai kuwa sun bayyana horarre shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Karen da bai san bambancin gada da akuya ba, wurinsa gida. In kuwa ƙaddara ta faɗa, ya kashe ɗan akuyar wani ko zabin gida, ko ƙafar mutane ta karya kunyar tumatir, baƙo ya je da kansa ya faɗa, ya biya kafin a nema. Kada ya binne abin ya hau mota. Shi zai tafi, abokinsa ne zai zauna da mutanen nan, shi za a kai ƙara gaban dagaci, 'ya'yansa ne za su ɗebi ruwa rijiya ɗaya da 'ya'yan mai akuya.

Na shida, ya kame hannunsa. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 996, ya bayyana farauta domin wasa makaruhi ce, domin bukata kuwa halal. Mutumin birni da tukunyarsa ba ta rasa nama ya auna kansa da wannan ma'auni. Barewa da gada da mazo sun yi ƙaranci a ƙasar Kano, har yaro ya girma bai san barewa ba sai a karin magana. Tun 1963 Dokar Namun Daji ta Arewa ta kasa dabbobi kashi-kashi, waɗansu ba a taɓa su, waɗansu sai da lasin, iznin mai gona kuwa ba ya ɗage dokar hukuma. Ko da babu doka, mai hankali ba ya harbin mai ciki ko mai ɗa a gindi. In mai gona ya ce, "Makwarwar nan da ke kwana a garka a bar mini ita," to, ta haramta ga baƙo kamar an sa mata tambari.

Na bakwai, fita. Ya rufe ƙyauren da ya buɗe, ya tsince kwankon harsashi da ledarsa, kada ya feɗe nama a bakin rijiya. Ya komo ya shaida wa mai gona abin da ya samu da abin da ya gani, ko ɓarakar shinge ce ko sawun ɓarawo. Ya miƙa masa rabo, cinya ko kafaɗa, tun bai tambaya ba. Shari'a ba ta tilasta wannan ba sai in an yi sharaɗi, amma mutunci ya tilasta. In gardama ta tashi tsakanin mafarauta a kan wa ya riga sara, kada a zare adda a gonar mutum, a kai maganar gaban Sarkin Baka ko dattawan sana'a.

Wani zai ce, "Duk wannan tsanani na mene ne? Ai ni da shi mun zama ɗaya, abinsa nawa ne." Amsa ita ce, kusanci shi ne ya ƙara nauyin. Wanda ba a sani ba in ya yi ɓarna a kan kama shi a kai shi ƙara. Aboki kuwa in ya yi, sai mai gona ya haɗiye, ya biya daga aljihunsa, ya yi murmushi, badi ya ce gonar ba nama. Haka zumunci ke mutuwa, ba da zagi ba, da shiru. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Amurka, inda a ke farautar wata dabba mai kama da barewa kowace kaka, Jihar Ohio ta wajabta wa maharbi ya riƙe rubutaccen iznin mai ƙasa a jikinsa. A Jihar Texas kuwa, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakar mutane ce, shafa fenti shunayya a jikin itace ko turke ya isa sanarwa a gaban doka cewa ba a shiga. Su sun tsare abin da takarda da fenti. Nan kuwa an bar shi a hannun kunya da amana, in suka tafi babu sauran shinge.

Mai gona ma yana da nasa. Kada kunya ta hana shi faɗin sharaɗinsa tun da fari, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya gaya wa maƙwabtansa zai yi baƙi, ya haɗa baƙon da wanda ya san wuri. Kada kuma ya ba da izni a kan abin da ba nasa ba, kamar gonar gado da ba a raba ba, ko ta aro, ko makiyayar gari, sai ya shawarci masu haƙƙi.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa ta kan sauka da dare ta jiƙa shuka, hantsi ya yi ta tashi, ba ta karya ko kara ɗaya ba. Maharbin da ya bar gonar abokinsa haka, ko bai kashe kome ba ya yi farauta mai riba, domin badi ma za a aika masa. Wanda kuwa ya fita da barewa a kafaɗa ya bar toka da ƙara a bayansa, nama zai ƙare a kwana biyu, maganar ta daɗe a gari.

Allah ya tsare masu fita da masu zama, ya sa a gama rani lafiya.